Lauya na nema, wasan kwaikwayo aka ba ni, Baba ya ce ba karatu ba ne

Wata ɗaliba mazauniyar Tudun Wadan Zariya ce ta aiko mana da wannan, mun taƙaita:

"Assalamu alaikum. Karatun lauya na nema a Jami'ar Ahmadu Bello, sai aka ba ni sashen wasan kwaikwayo. Na karɓa don kada in ƙara shekara a gida. Na gama zangon farko, sakamakona bai yi kyau ba, musamman darasin aiki a dandamali, saboda ina gudun gwaji. Da yamma ake yi har dare, ga ni da kunya, muryata ba ta fita. In aka kai mu kallon wasa aka ce mu yi sharhi, ban san abin da zan rubuta ba ban da ya yi daɗi ko bai yi ba. Baba kuma ya ce wannan ba karatu ba ne, hanyar 'yan fim ce, ko in canza kwas ko in dawo gida. Ni kaina ban tabbata ina son abin ba. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu.

Mun ga maganar Baba ce ta fi tsaya miki a rai, amma sakamakon nan ya fi ta gaggawa. Ko canji kike so ko zama, da maki ake yin su duka. Sashen da ake rububi kamar na lauya ba ya karɓar ɗalibin da ya taho da sakamako mai rauni, mai kyakkyawan sakamakon ma sai in akwai gurbi. Ɗalibar da ta yi fushi da kwas ta daina zuwa gwaji, da hannunta take kulle kanta a cikinsa. Duba lissafi. A kan maki 5 ake auna sakamako: A tana ba da 5, B 4, C 3, F kuwa sifili. A ce kin ɗauki darussa masu nauyin 18 a zango, kika ci B a masu nauyin 15, kika faɗi darasin aiki mai nauyin 3. Ana ninka makin darasi da nauyinsa: 15 sau 4, jimillarki 60, a raba da 18, kin tashi da 3.33. Da C kawai kika samu a wannan darasi, jimillar 69 ce, wato 3.83. Tsakanin lambobin nan biyu ne layin 3.50 yake, inda babbar daraja ta biyu ta digiri take farawa. Darasin da aka faɗi kuma yana biyo mutum shekara mai zuwa, lokacinsa ya yi ta karo da na sababbi.

Darasin aiki ba a cin sa da karatun daren jarrabawa. Galibin makinsa a wurin gwaji ake tara shi: zuwa a kan lokaci, haddar magana, karɓar gyara, da abin da kika yi wa rukuninku. A wannan makon ki sami malamin da ke kula da ajinku, ki tambaye shi ƙa'idar canjin sashe yadda take a rubuce, wane maki ake nema, a wane aji ake cike takardar, yaushe ake rufewa. Abin da ɗalibai ke faɗa a bakin aji rabinsa ji-ta-ji-ta ne.

Kafin ki yanke hukunci a kan wurin da kika faɗa, ya kamata ki san shi. Karatun wasan kwaikwayo a Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, ya fara ne a 1975 a ƙarƙashin sashen Ingilishi, da jagorancin wani Bature, Michael Etherton, wanda ya taho daga Zambiya. A 1976 wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara gidan wasan nan na ginin laka da kuke gwaji a ciki, ɗakuna zagayayyu kewaye da fili, kamar tsakar gidan Bahaushe. Ba rashin kuɗin siminti ya sa aka yi haka ba. Wasanmu bai taso a bayan labule ba, a dandali ya taso, jama'a sun yi da'ira, mai wasa yana tsakiya yana jin numfashinsu. Daga wannan fili malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan hanya, kuma da ita aka san Zariya a fagen wasan kwaikwayo a faɗin Afirka. Fitowa a fim wani ɗan ɓangare ne na abin da mai wannan digiri zai iya yi, da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Yanzu ga abin da ya hana ki rubuta sharhi. Ba a koya miki karanta wasa ba tukuna, kina karanta shi kamar littafin labari, kina jiran ki ga yadda za ta ƙare. Rubutaccen wasa umarni ne ga mutanen da za su tsaya su yi, don haka sau uku ake karanta shi. Na farko a zama ɗaya, ba alƙalami, awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa yawancin wasanni. In kin rufe, ki rubuta labarin a jimla biyu kacal: wane ne yake son me, me ya tsaya masa a hanya. In jimla biyu sun gagara, ba ki kama zaren ba, ki sake. Karatu na biyu da fensir. Duk inda wani ya shigo ko ya fita, ki ja layi, domin shigowar mutum ko fitarsa tana canza abin da sauran za su iya faɗa. A gefen kowane yanki ki rubuta abin da kowane tauraro yake nema daga ɗan'uwansa, kuma ki rubuta shi da aikatau: yana lallashi, yana tsoratarwa, tana bugun ciki, tana kora. Kada ki rubuta "yana baƙin ciki". Baƙin ciki ba abin da ɗan wasa zai iya yi ba ne, in ya gwada sai ya ɓata fuska kawai, 'yan kallo su ga ƙarya. Amma zai iya roƙo, zai iya ɓoye hawaye don kada ƙanensa su gani. Wannan ita ce gudummawar da Stanislaski ɗan Rasha ya bar wa masu koyon wasa, za ki haɗu da shi a aji.

Ɗauki misali. Uwar miji ta shigo ta tarar da amarya zaune da waya a hannu, ta ce, "Sannu da aiki." A takarda kalma uku ne. A dandamali zai iya zama gaisuwa, zai iya zama habaici, zai iya zama sanarwar cewa yau ɗanta zai ji labari. Abin da ya gabata a wasan da abin da zai biyo baya su ne za su nuna miki wanne marubucin yake nufi, kuma gano wannan shi ne ainihin nazarin. Karatu na uku da babbar murya ake yi, ku uku ko huɗu ku raba taurari. A nan za ki ji inda magana ta yi nauyi a baki, da inda shiru ya fi maganar aiki. Sai bayan wannan ki zo kan jigo da zubi da salo, irin abin da kika saba a adabin Hausa na sakandare. Ɗalibai da yawa suna farawa da jigo, shi ya sa duk sharhinsu yake ƙarewa da "wasan yana koya mana haƙuri".

Kallo ma yana da hanyarsa. Ki isa minti ashirin kafin a fara, ki dubi filin tun babu kowa a ciki: me aka ajiye, ta ina za a shigo, ina aka sa kujerar da ta fi tsawo. In za a yi wasan dare biyu, ki kalli duka biyun daga wurare daban, domin a fili irin na Samaru wanda ya zauna gabas ba abin da na yamma ya gani yake gani ba. A daren farko ki bar labarin ya ɗauke ki. A na biyu ki cire idonki daga mai magana ki dubi mai saurare, a nan ake gane ɗan wasan kirki. Ki lura da wanda yake tsaye da wanda yake durƙushe, da lokacin da suka yi musaya. Ki lura da tazarar da ke tsakanin miji da mata a fitowar farko da ta ƙarshe. Ki lura da inda haske ya tura idonki. Ki saurari 'yan kallo: inda suka yi tsit, inda aka fara tari da motsa kujera da duba waya. Tari da motsi sun fi tafi faɗin gaskiya, don ɗalibai suna tafa wa abokansu ko me suka yi.

Ki rubuta abin da kika gani a daren, kafin barci, ko da shafi ɗaya. Sharhi yana amsa tambaya uku: me masu wasan suka yi niyyar yi, sun yi shi da kyau, kuma ya cancanci a yi shi. Kowane hukunci ki kafa shi da abin da ido ya gani. "Mai fitowa a uwa ta yi ƙoƙari" ba ya kawo maki. "Da aka kawo labarin rasuwar, ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan ta zauna, filin ya yi tsit" shi ne sharhi. Laburaren Kashim Ibrahim da na sashenku suna da rubutattun wasanni, ki ɗora wa kanki ɗaya a mako, na Hausa da na Ingilishi, ban da waɗanda aka wajabta.

Kuma ba daga sifili kika fara ba. Kin tashi kina ganin tashe daga goma ga azumi, yaro ya ɗaura gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da ƙunshe-ƙunshe ya zama Jatau mai magani. Akwai sutura a ciki, akwai waƙa da amshi, akwai kwaikwayon halin mutane, akwai suka a cikin raha. Haka 'yan kama da suke kwaikwayon malamai, da wasan gauta na fada inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu, da kalankuwa bayan girbi. In malami ya kawo Aristotil, masanin Girkawa na dā, da rabe-rabensa na wasan Girkawa, ki gwada su a kan tashen unguwarku, ki ga inda suka dace da inda suka kasa. Amsar da ta yi haka tana fita daban a cikin tarin takardun jarrabawa.

Murya kuwa aikin jiki ce, ba baiwa ba. Mai ƙaramar murya yawanci da saman ƙirji take numfashi, iskar ta ƙare mata a rabin jimla, sai ta matse maƙogwaro don ta ƙarasa. Ki kwanta rigingine, ki ɗora littafi a cibiya. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, littafin ya tashi, kafaɗa kada ta motsa. Ki sake shi a hankali da sautin "sss" kina ƙirga takwas. Kowane mako ki ƙara biyu ko uku, har ki kai ashirin ba tare da rawar murya ba. Daga nan ki tashi tsaye ki yi guna da baki a rufe, "mmm", har ki ji leɓɓanki suna ƙaiƙayi, sannan ki buɗe zuwa "maa". Ki rufe da karangiya irin ta ƙwaɗo da ƙato da ƙoto, a hankali tukuna, kowane harafi ya fita, sauri daga baya. Minti goma sha biyar kullum da safe sun isa, kuma kullum ɗin ya fi tsawon lokacin muhimmanci. Abin da ke hana na layin baya ji ba ƙarancin ƙara ba ne kawai, haɗiye ƙarshen kalma ne, kuma Hausa da wasali take ƙare kusan kowace kalma, in ya faɗi ma'ana ta tafi. Ki sa ƙawarki ta tsaya taku ashirin daga gare ki, ta ɗaga hannu duk lokacin da kalma ta ɓace mata. Ihu ba ya gyara wannan, dishewa yake kawowa. Da hunturun Samaru ki riƙe gorar ruwa mara sanyi kina kurɓa, ki rage kakari. In murya ta dishe ki yi shiru gaba ɗaya, raɗa tana wahalar da ita fiye da magana a hankali.

Kunya tana ƙaruwa ne idan hankalinki yana kan yadda ake ganin ki. Ki mayar da shi kan abokin wasanki da abin da kike nema a wurinsa, ki kuma nemi darakta ya ba hannunki aiki, ninke kaya ko tsintar shinkafa, hannun da yake aiki ba ya rawa. Wajen hadda, ki haddace ƙarshen maganar wanda kike amsa wa tare da taki. Yawancin masu daskarewa a dandamali sun san maganarsu, lokacin shigarta ne ya kuɓuce musu.

Akwai iyakokin da kike da su a matsayin 'yar Musulmi, kuma haƙƙinki ne ki riƙe su. Lokacin faɗa shi ne ranar rabon matsayi, ki sami darakta ke da shi a gaban wata ɗaliba, ki ce ba kya wasan da za a taɓa ki, ba kya buɗe kai. In an san haka da wuri, ana tsara tsayuwa da motsi a kansa, kuma sau da yawa tazara tsakanin mace da namiji ta fi riƙe hannu ƙarfi a idon mai kallo. Abin da ke jawo faɗa shi ne ki yi shiru har saura kwana uku a yi wasa, an gama tsara komai, sannan ki ce ba za ki yi ba.

Ga kuma abin da 'yan aji ɗaya ba su cika sani ba: a wasan da mutum goma suka fito, akwai wasu kusan adadinsu da ba a gani, kuma su ma maki suke samu. A ganinmu, mai hali irin naki ta gwada aikin manajan dandamali. Ita ce ke riƙe da kundin wasa: a manna kowane shafin wasan a gefe ɗaya na babban littafi, a bar shafin da ke fuskantarsa fari. A farin shafin ake zana filin a rubuta motsin kowa, da fensir kawai, don darakta zai canza sau goma. Dama da hagu na ɗan wasa ne idan ya fuskanci 'yan kallo, ba na mai kallo ba, kuskuren nan yana hargitsa kundi gaba ɗaya. In 'yan kallo sun kewaye filin, sai a yi amfani da lambobin agogo, a ce babbar ƙofa ita ce ƙarfe 12. Kowane canjin haske da na sauti yana da lambarsa, a rubuta shi daidai kan kalmar da zai faɗo. Manaja tana gargaɗin mai fitila ya shirya kimanin rabin minti kafin lokacin, sannan ta ba shi umarni a kan kalmar. Ita ke ajiye rajistar zuwa, ita ke zana wurin kowane kayan wasa a kan tebur da alli don a ga wanda ya ɓace da kallo ɗaya. Daga daren buɗewa wasan yana hannunta, darakta ɗan kallo ne. Mai neman zama lauya da take son tsari da takarda ba za ta ji baƙunci a wannan kujera ba.

In haske ne ya ja ki, ƙa'idar farko ita ce fitila biyu ga kowane yanki, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kowace tana saukowa a kusurwar digiri 45, ɗaya mai launi mai ɗumi ɗaya mai sanyi. Fitila daga sama kai tsaye tana mayar da ido rami, daga gaba kai tsaye kuma tana shafe fuska. Kore da shuɗi mai haske suna sa baƙar fata ta yi toka-toka, ruwan zuma da ruwan hoda sun fi karɓar ta. Farar shadda mai sheƙi tana kwashe hasken ta bar fuskar mai ita a duhu, shi ya sa masu sutura suke rage farin da ruwan shayi. Ki iya lissafin wuta: soket mai amfiya 13 a wutarmu ta bolt 230 yana ɗaukar wat kusan 3,000, wato fitila shida masu wat 500 sun cika shi maƙil, wayar jona mai arha kuwa tana narkewa tun kafin nan. A tanadi fitilun caji biyu ko uku a hannun mutanen da suka san inda za su haska in wuta ta ɗauke, a kuma gwada hakan sau ɗaya a gwaji.

Batun dare gaskiya ne, ba za mu rage masa nauyi ba. Daga Samaru zuwa Tudun Wada bayan isha'i, ta Kwangila, ba tafiyar da uba zai kwanta hankali kwance a kanta ba ce. Masu wannan aiki suna ƙiyasta awa ɗaya ta gwaji ga kowane minti ɗaya na wasa, wasan minti 40 yana cin awa 40, don haka ba a guje wa yawan gwajin, lokacinsa ake tsarawa. Ki nemi jadawali a rubuce daga shugaban rukuninku. Ku haɗu da sauran masu zuwa daga gida, ba ke kaɗai ba ce, ku nemi a kai fitowarku tsakanin lakcoci da safiyar Asabar. Makon ƙarshe ne kaɗai ba makawa sai dare, saboda ba a iya saita fitila da rana a buɗaɗɗen fili, kuma gwajin haske da na cikakkiyar sutura dole a yi su yadda za a yi wasan. Kwanakin nan ki sanar da gida tun da makonni, yayanki ko ƙanin Baba ya zo ɗaukar ki. Shekara mai zuwa ki nemi gado a ɗakin kwanan mata irin su Amina tun ranar da aka buɗe nema, in Baba ya yarda.

Abin da muke so ki gani kafin ki tafi, in tafiyar za ki yi, shi ne aikin cikin al'umma. Ana fara shi da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa da liman, a faɗi abin da ya kawo ku. Sai a kwashe kwanaki ana zama da mutane, a majalisa, a bakin rijiya, a gona, ana saurare. Da dare a tattara abin da aka ji, a ware matsalar da mutanen da kansu suka fi nanatawa, ko tsadar taki ce, ko nisan asibiti ga mai naƙuda. A ƙulla labari a kanta ba tare da rubuta kowace kalma ba, a gwada tare da 'yan garin, a yi wasan a dandali. A inda rikicin ya yi tsanani sai a tsaya a tambayi jama'a: ku da kuke nan, me ya kamata mutumin nan ya yi? Wani ya taso ya shiga ya gwada. Wannan dabara ta tsayar da wasa a ba ɗan kallo fili tana da alaƙa da aikin Augusto Boal na ƙasar Barazil. Inda ake ɓata aikin sananne ne: ɗalibai su zo da amsarsu a aljihu su yi wa'azi, ko su kwaikwayi wani mutumin garin har a gane shi, ko su yi alkawarin rijiyar burtsatse da ba su da ita, ko su sa wasa ranar kasuwa ko daf da magariba. Ke kuma kina da abin da yawancin 'yan ajinku ba su da shi. Kina jin Hausa har da habaicinta, kuma za ki shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", ki zauna da matan da rabin labarin garin yake bakinsu.

Sai Baba. Kada ki yi jayayya da shi a kan 'yan fim, ba a nan damuwarsa ta tsaya ba. Mutuncinki yake tsoro, da dare, da ranar da za a tambaye shi me 'yarsa take karanta, da abin da za ki ci bayan digiri. Ki fara da Mama, ko baffan da yake jin maganarsa. Ki kai masa takardar rajistar darussanki ya ga sunayensu da idonsa, da jadawalin gwaji, da iyakokin da kika gindaya. Ki tuna masa cikin ladabi cewa Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo yana sukar zalunci da su, kuma a nan Zariya aka buga da yawa daga wasannin Hausa da ake karantawa a makarantu. In hukuncin addini ne ya tsaya masa, ku je wurin malamin da shi ya amince da shi, ki bayyana ainihin abin da kike yi a rana, kada a tsaya a sunan kwas. Maganar aiki kuma ki faɗa masa gaskiya: digirin nan ba ya zuwa da kujera a ajiye. Masu shi suna shiga gidajen rediyo da talabijin, koyarwa, hukumomin al'adu, ƙungiyoyin wayar da kai a kan lafiya da ilimi, da rubutun wasannin rediyo, kuma wanda ya fito da sana'a takamaimai a hannu, rubutu ko haske ko sarrafa sauti ko tafiyar da taron jama'a, ya fi wanda ya fito da takarda kawai samun shiga.

Abin da za ki roƙa a wurinsa ƙarami ne: zango ɗaya. Ki yi shi da gaske, ba fashin gwaji, wasa ɗaya a mako, minti goma sha biyar na murya, matsayi ɗaya a bayan fage da kika riƙe daga farko har ƙarshe. In sakamako ya fito, ku zauna da shi da takardar ƙa'idar canjin sashe a gabanku. A lissafin ku sa cewa mai canza kwas sau da yawa yana maimaita aji, kuma karatun lauya shekara biyar ne, ga shekarar makarantar horar da lauyoyi a kai, alhali wannan huɗu ne kuma kin ci kusan ɗaya. Shi ne mai biyan kuɗin, ya kamata ya ga lambobin nan kafin a cike kowace takarda.